Ƙaguwar da Muke Kora daga Lambun Baba

Nailava, Kadavu
9 ga Janairu

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan takarda ta same ka cikin sauƙi. Yaya ƙafar? Yaya zaman asibiti da hayaniyar Suva? Allah ya sa wannan yankan shi ne na ƙarshe da ciwon sukari zai ci a jikinka. Arieta ’yar’uwata, na san ke za ki karanta masa tunda idon ya ƙi. Ki karanta a hankali, kuma in kin ga kuskure ki haɗiye dariyarki. Ni a aji shida na tsaya, ke aka tura gaba.

Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce kada ka yi wa masu jinya gardama. Gwaza ta yi kyau bana, amma ruwan sama ya yi yawa, kuma duk ruwan da aka yi sai jar lakar sabuwar hanya ta gangaro cikin teku.

Baba, ka ce in riƙa gaya maka gaskiyar lambun murjani ko ba daɗi. To ga ta. A cikin kawunan murjani sittin da muka dasa a kan teburan wayar ƙarfe a cikin ruwa, ashirin da biyu sun yi fari fat, sun mutu. Sauran kuma laka tana kwanciya a tsakanin rassansu. Kullum in ruwa ya janye ina shiga in yi musu fifita da hannu, washegari in tarar kamar ban yi ba. Tauraruwar teku mai ƙaya, mai cin murjani, ita ma ta dawo, na cire bakwai a sati ɗaya.

Ka san tabu, wato hanin da sarkinmu Ratu ya sa wa wannan gefen ruwa saboda roƙonka, shekara biyu ba mai jefa raga ba mai tsintar komai, zai cika sati ɗaya bayan Ista. Kawu Savenaca ya riga ya fara zuga. Ranar Lahadi a bakin coci ya ce da ni, “Ɗan ƙanwata, shekara biyu mata suna tafiya har bayan tsibiri neman abin miya, don ubanka ya shuka duwatsu. Ga duwatsun sun mutu. In an zauna taro a fitar da teburan nan, mu ci kifinmu.” Na sunkuyar da kai na wuce. Amma ba zan bari a fitar da su ba.

Ban canza komai daga yadda ka koya mini ba. Duk reshen da na tsinto daga waɗanda igiyar ruwa ta karya, sai na tsoma shi a bahonka na ruwan sama, in ƙirga ashirin, ’yan ƙaguwoyin nan masu kamar farcen babban yatsa su zubo, sannan in ɗaure shi a tebur. Ina tuna maganarka, cewa wanda ya dasa gwaza da ƙwaro a jikinta ya dasa wa ƙwaro.

Sai dai akwai abu ɗaya da nake ta kallo. Ka tuna ranar da za a kai ka jirgin ruwa, muka yi sauri, na ɗaure kawuna uku a ƙarshen tebur na huɗu ban tsoma su ba? Na ɓoye maka don kada ka yi faɗa. Baba, ukun nan su ne suka fi kowa lafiya. Babu ko ɗigon laka a jikinsu. Ban san dalili ba tukuna, amma ruwa ba ya tsami banza. Zan zauna musu har sai na gani.

Ka ci abin da aka ba ka, ko ba gishiri. Ka huta lafiya.

Ɗanka mai biyayya,
Kitione


Nailava
2 ga Fabrairu

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun ji an cire zaren ɗinki, mun gode wa Ubangiji. Yaya barci? Arieta, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ki.

Baba, wannan takardar tana da nauyi, na sake ta sau uku.

Kwana tara ina zuwa wurin kawunan nan uku. In ruwa ya kai ƙirji sai in sa gilashin ido in kwanta a kansa kamar gungume, ba motsi, har fatar bayana ta saɓule. Da farko ba na ganin komai, don da inuwata ta faɗa musu sai su shige can ƙasan rassa. A rana ta huɗu suka saba da ni.

Kowane kai akwai ƙaguwa biyu a ciki. Abin da muke gani muna cewa cin murjani suke yi, na dube shi da kyau. Suna goga ƙafafunsu a jikin reshe, su kwaso yauƙin da murjani yake fitarwa, su kai baki. Inda suka goga ba ya yin rauni, na sa wa wurin ido kwana biyar. Lakar kuma, Baba, sharewa suke yi. Ƙanana su ture da ƙafa, manyan ɓarɓashi su ɗauka da awartakinsu su kai bakin reshe su jefar, kamar Inna tana fitar da shara daga kicin.

A rana ta takwas na ga abin da ya sa na sha ruwan gishiri don dariya. Mai ƙaya ta hau tebur, faɗinta ya kai faranti, ta nufi ɗaya daga cikin ukun. Na kai hannu zan cire ta sai na ce bari in gani. Ƙaguwoyin nan biyu suka fito bakin ƙofa. Ɗaya ya kama ƙayarta yana jijjigawa, ɗayar ta shiga ƙasa tana tsinke mata ’yan ƙafafun nan masu laushi. Ba a daɗe ba mai ƙaya ta janye hannunta, ta juya, ta hau kan na kusa da shi, wanda na tsoma da hannuna a baho. Babu wanda ya fito ya tare ta.

Na daɗe a cikin kwale-kwale ban kunna inji ba.

Baba, ka gafarce ni. Ina ganin masu gadi muke kora. Ba na cewa na fi ka sani. Kai ka fara lambun nan lokacin da kowa yake dariya, kai ka san inda ruwa yake gudu da inda yake kwanciya. Amma abin da na gani na gani, kuma ba zan iya mayar da shi cikin ido ba. Tun ranar na daina tsomawa, ban jira izininka ba. Na kife bahon a bayan kicin.

Ga abin da na ƙudura. Kawuna talatin da huɗu suka rage da rai. Zan raba su biyu, rabi in mayar musu da ƙaguwa, rabi in bar su yadda suke, in ya so ruwa ya yi mana shari’a. In ni ne na yi kuskure, zan ɗauko bahon da kaina.

Waisale ya gan ni ina tsintar ƙaguwa da tsinken kwakwa ina sawa a bokiti. Ka san bakin taubashina, ɗan Kawu Savenaca. Ya ce, “Kai Kitione, yunwar ta kai haka? Waɗannan ko ɗari ka dafa ba za su rufe gindin tukunya ba. Zo gidanmu a ba ka rogo, kada ka ja wa dangi abin kunya.” Na ce masa ya bari sai na ƙoshi in aiko masa da ƙafafun.

Ina jiran amsarka, ko ta faɗa ce.

Ɗanka,
Kitione


Nailava
27 ga Fabrairu

Zuwa ga mahaifina,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina tambayar lafiyar jiki da ta zuciya. Jirgi ya zo sau biyu ba takardarka. Na ga ’yar guntuwar da Arieta ta rubuto, cewa da ta gama karantawa ka juya fuska bango, ka ce a kashe fanka. Na ji, kuma ban ga laifinka ba. Amma zan ci gaba da rubutowa, don kai ka ce in faɗi gaskiya.

Gaskiyar wannan karon ita ce na sha kunya.

Na tsinto ƙaguwa talatin da huɗu daga karyayyun rassan da ke birgima a bakin mashigar teku, waɗanda ko an bar su mutuwa za su yi. Na zuba bibbiyu a kawuna goma sha bakwai. Bayan kwana uku na koma, guda tara kawai na samu. Wasu sun gudu, wasu sun yi faɗa har awartaki ya cire, sauran kifi ya samu abincinsa. Wasu kawuna biyu kuma suka mutu a satin. Na zauna a bakin ruwa kamar in yi kuka.

Da na huce sai na ga laifina ne. Na ɗauka ƙaguwa ƙaguwa ce, kamar wanda ya kwaso mutanen gari huɗu ya tura su ɗaki ɗaya ya ce su zauna lafiya. Sai na bar lambun na koma bakin mashiga da littafin makarantar Arieta na da da fensir. Kai ɗaya bayan ɗaya nake leƙawa, in fito in zana abin da na gani. Sati biyu, kawuna ɗari da goma sha ɗaya. Ga abin da na samu.

A murjani mai dunƙule, wanda rassansa suke gajeru masu kauri, iri uku ne. Akwai fara mai jajayen ɗigo, na sa mata Mai-ɗigo. Akwai mai zane a baya kamar ragar kamun kifi, Mai-raga. Akwai mai ruwan lemo da gashi a bayan awartakinta, Mai-gashi. A murjani mai ƙaho kuwa ba ko ɗaya daga cikinsu. Can wata ce dabam, ta fi su ƙanƙanta, da baƙin layi a goshi, kuma awartakinta ɗaya ya fi ɗaya girma. Ni kuwa na ɗauki ’yan gidan dunƙule na kai su gidan ƙaho, yaya ba za su gudu ba?

Sannan in ka kifar da ita ka dubi cikinta, na namiji murfinsa siriri ne, na mace mai faɗi, wani lokaci cike da ƙwai. Kowane kai namiji ɗaya da mace ɗaya. In ka sa maza biyu iri ɗaya, sai ɗaya ya bar gidan ko ya bar hannunsa. Kuma Baba, a cikin ɗari da goma sha ɗayan nan ban taɓa ganin Mai-ɗigo ya zauna da Mai-raga a matsayin mata ba. In kan babba ne za su iya zama maƙwabta, kowa da matarsa, amma ba sa haɗa aure.

Na sake zubawa, wannan karon kowa da irinsa, kowa a gidansa, miji da mata. Yau kwana shida, ma’aurata goma sha biyar cikin goma sha shida suna nan.

Waisale ya canza mini suna. Jiya ina wucewa ta gaban shago ya ɗaga murya, “Ga fasto nan! Fasto, aure nawa aka ɗaura yau? Kai da ko budurwa ba ka da ita, ka aurar da ƙaguwa talatin!” Har matan da ke saƙar tabarma suka kwashe. Na ce masa aƙalla nawa ma’auratan ba sa kai ƙara wurin mai gari. Ka san labarinsa da matarsa. Bai ƙara ba. Amma da yamma shi ya riƙe mini kwale-kwale, har ya karɓi gilashin ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba.

Inna ta aiko maka da man kwakwa a hannun yaron jirgi, a shafa a ƙafar mai lafiya.

Naka har kullum,
Kitione


Nailava
21 ga Maris

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata ka fara sabawa da sandunan. Arieta ta ce ka taka daga gado zuwa taga, Inna ta yi ta murna har ta ƙona kifi.

Mun yi baƙuwa. Wata malamar jami’a, Dakta Ulamila, ta zo da mutanenta suna ƙirga mai ƙaya a tsibiran nan. Ta kawo wa Ratu gaisuwar saiwar yangona, wadda ake damawa a sha a taro, kamar yadda ya kamata, aka ba ta izini, aka ce ni zan kai ta ruwa. Ina jin kunyar littafina, don gishiri ya ci shi kuma zanen kamar na ɗan aji ɗaya. Waisale ne ya tona ni. Ya ce, “Dakta, ki tambayi fasto rajistar aurensa.”

Ta zauna a gindin kwakwa ta buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ƙanena, wa ya koya maka wannan?” Na ce babu, kwanciya na yi a kan ruwa. Ta ce ukun nan na gidan dunƙule sunan zuriyarsu Trapezia, saboda bayansu mai kusurwa huɗu ne, gaba ya fi baya faɗi. Ta gidan ƙaho kuma Tetralia. Da can masana sun sa su a dangi ɗaya, daga baya suka duba da kyau suka raba su gida biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan. Ta ce masanan farko ba su kwanta a kan ruwa ba. A kwalba ake kai musu ƙaguwoyin, cikin ruwan magani, kuma ruwan maganin yana cinye launi. Ɗigo ya tafi, raga ta tafi, duk su koma fari iri ɗaya. Saboda haka an daɗe ana gardama, wasu suna cewa da yawansu iri ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta. Sai da aka samu masu shiga ruwa suka ga kowa da irinsa yake aure. Ta buga littafina da yatsa ta ce, “Abin da ka rubuta a nan ke nan.” Baba, ashe manyan masu ilimi ma sun yi shekaru a kan kuskure, kuma ba wanda ya ce su ba masana ba ne. Arieta, ki maimaita masa wannan layin.

Na roƙe ta ta tsaya taro ta yi magana, don ita za a saurara. Ta ce jirginsu ba zai jira ba, kuma ko ta tsaya, in ta tafi za a ce maganar baƙuwa ce. Ta ce, “Ruwanku ne, idonka ne ya gani. Kai za ka faɗa.”

Yanzu ga yadda lambun yake. A goma sha shidan da na mayar wa ƙaguwa, ɗaya ne ya mutu, sauran har sun fara fitar da sababbin tsinin rassa. A goma sha shidan da na bari, bakwai sun tafi.

To amma ga inda ƙayar take. Kawu Savenaca ya tare ni a hanyar gona. Ya ce, “Na ji labarin ƙwarinka. In ka ce su ne maganin, to ka ce ubanka ne ya kashe lambun da hannunsa shekara biyu. Za ka iya faɗin haka a gaban Ratu, mutumin yana kwance da ƙafa ɗaya? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau kwakwa ba zai gani ba. Ka yi shiru a buɗe ruwa, sunan ubanka ya tsira.”

Na yi ta juya maganar. In na yi shiru, za a ce murjani ba ya dasuwa a Nailava, a fitar da teburan, kuma ba za a ƙara sauraron mai irin wannan magana ba har jikokinmu. In na faɗa, na kunyata ka a gaban mutanen da suke tashi su ba ka wuri. Wata biyu ke nan ba ka ce mini komai ba.

Baba, zan faɗa. Ina gaya maka tun yanzu don kada ka ji a bakin wani. Lambun nan naka ne, kuma na fi so ka dawo ka yi fushi da ni a gabansa yana raye, da ka dawo muna shiri ka tarar da wayoyi a jibge a bakin ruwa. In akwai abin da kake so ka ce, jirgin ranar shida ga wata zai riga taron.

Ka yafe wa ɗanka,
Kitione


Nailava
14 ga Afrilu

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina,

Ina gaishe ka, ina gaishe ka, ina ƙara gaishe ka. Yaya ƙarfin jiki? Arieta, wannan karon ki karanta da ƙarfi.

Jirgin ranar shida bai zo ba, iska ta hana shi. Ranar taro ta zo ba ni da kalma ɗaya daga gare ka.

Da safe na ɗauko bahonka daga bayan kicin, na wanke shi, na cika da ruwan teku. Na sa kawuna biyu a ciki, ɗaya da Mai-ɗigo da matarsa, ɗaya ba kowa. Ni da Waisale muka ɗauko shi har zauren taro, muka ajiye a inuwa daga bakin ƙofa. Na ɗebo jar lakar hanya a ƙoƙon kwakwa, na barbaɗa wa kowanne daidai a gaban idon kowa, na koma can ƙasan tabarma inda samari suke zama.

Aka dama yangona, aka miƙa wa Ratu, aka tafa. Kawu ya yi magana mai tsawo, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya faɗi wahalar mata, ya faɗi yawan kawunan da suka mutu. Da mai gari ya ce ko gidanka, gidan Nemani, suna da magana, sai na ɗaga hannu. Na matso da rarrafe na nemi izini.

Na ce, “Ratu, iyayena, murjani yana dasuwa. Mu ne muka yi kuskure. Mahaifina Nemani ya ɗauka ƙaguwoyin nan ƙwari ne, ya koya mini in kore su, na kore su shekara biyu. Su ne masu shara, su ne masu gadi. Abin da ya kashe lambun ke nan.”

Kawu ya ce, ba da ƙarfi ba, “Yau na ga ɗan da ya tuɓe wa ubansa zane a kasuwa.” Baba, da ƙasa ta buɗe da na shige. Wani tsoho ya ce a bar maganar yara. Ratu ya ɗaga hannu a ci gaba da zagayen ƙoƙo. Aka shiga maganar rufin coci, aka shiga ta shingen aladu. Ni dai ina fita ina ƙara ruwan teku a hankali ta gefen baho don kada ya yi zafi.

Rana ta karkata sosai kafin Ratu ya miƙe. Ya taka har bakin ƙofa, ya durƙusa a kan bahon da girmansa. Kan da ba kowa yana nan ja wur kamar yadda na bar shi. Ɗayan kuwa fiye da rabinsa ya fito fes, lakar ta taru a ƙasa kewaye da shi, ga matar Mai-ɗigo a bakin reshe ta rungumo wani ɓarɓashi tana turawa. Ratu ya kira Kawu ya ce ya zo ya gani. Kawu ya leƙa, ya kai yatsa zai taɓa, namijin ya fito ya dafe shi. Ya yi tsalle ya ce, “Kai! Ɗan banza!” Waisale daga baya ya ce, “Baba, a hankali, surukin fasto ne.” Har Ratu sai da kafaɗarsa ta girgiza.

Ba duk abin da na roƙa aka ba ni ba. Na nemi shekara biyar, Ratu ya ba da biyu. Gefen yashi daga dutsen tsuntsaye zuwa bakin rafi an buɗe wa mata, kuma na ga daidai ne. Teburan suna nan. An kafa sabuwar sandar tabu da ganyen kwakwa a kanta. Kawu bai yi mini magana ba har yau.

Na dawo gida ban ji daɗin da na zata ba. Maganar zanen nan ta tsaya mini a rai, ko abinci na kasa ci.

Shekaranjiya jirgi ya iso, yaron jirgi ya miƙo mini takardarka. Na dubi kwanan watan, huɗu ga Afrilu, kwana shida kafin taro. Na karanta a tsaye a bakin gadar jirgi, na sake karanta wa Inna a kicin. Inda ka sa Arieta ta rubuta cewa, “Shekara biyu ƙaguwoyin nan suna cizona a babban yatsa, ban taɓa tambayar abin da suke karewa ba. Fushin da na yi da kaina nake yi, kai dai ka tsaya a hanya ne. Ka faɗa musu ni ne, ka kira sunana, kuma ka ɗaga murya don kunnen Savenaca na hagu ba ya ji.” Inna ta yi dariya tana share ido da bakin zane. Ni fita na yi, na ce zan duba kwale-kwale.

Baba, na kira sunanka, amma ban ɗaga murya yadda ka ce ba. Sauran sai ka dawo ka ƙarasa masa ta kunnen dama.

An ce ƙarshen Mayu za a sallame ka. Na kafa katako a tsakiyar kwale-kwale da abin riƙewa, na kuma sa gilashi a gindin wani bokiti, za ka ga komai kana zaune ba sai ka shiga ruwa ba. Kawuna ukun nan na ƙarshen tebur na huɗu sun kusa haɗewa, kuma matar da ke na tsakiya tana ɗauke da ƙwai. Bahon kuwa Inna ta karɓe, gwaza take wankewa a ciki, ta ce ba mai ƙara taɓa mata shi.

Ka zo da babban yatsan naka. Suna nan bakin ƙofa suna jiranka.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Kitione